Yawun Mai Aski

Mai Sikeli bai taɓa yarda da awon kowa ba. Shekara talatin yana gyaran sikeli a wani lungun kasuwa, ya sha ciro ƙarfen da 'yan kasuwa ke mannawa a ƙarƙashin faranti. Ko ruwa ka ba shi sai ya ɗaga kofin ya leƙa. Mutum ne mai wuyar sha'ani, wallahi, amma 'yarsa Auta ita ce ransa.

Ciwon suga ya kama Auta tana shekara sha huɗu, kamar yadda ya kama shi yana saurayi, ya kama mahaifiyarsa kafin shi. Allura huɗu take yi kullum, cinyoyinta duk sun yi tauri.

Wata rana likita ta zaunar da su. Ta ce an binciki ƙwayoyin gadon Auta, an ga wani ɗan canji, sai dai ba a san ko shi ne mai laifin ba ko ɗan rakiya ne kawai.

"Baba, idan muka same shi a jikinka, kai ma mai ciwon, hujja ta yi ƙarfi. Irin wannan sugan na gado ƙwayar magani tana riƙe shi. Sai ta huta da allura."

Ta ba shi 'yar kwalba, ta ce ya tofa yawu a gida ya kawo.

Yawu! Wai daga yawu za a san abin da uwarsa ta bar masa? Ai sun riga sun ga katinsa na asibiti, za su rubuta "an samu" ko murfin ba su buɗe ba. Shi kuwa ba ya yarda da sikeli sai ya ɗora masa nauyin da ya sani. Ya wuce shagon maƙwabcinsa Mai Aski, ƙato lafiyayye wanda ko ciwon kai bai sani ba.

"Tofa nan."

"Lafiya?"

"Tofa dai, ba asiri zan yi maka ba."

Wata shida yana jira yana murmushin mugunta, ya ƙagara ya kama maƙaryata. Ranar sakamako har sabuwar hula ya sa.

Likita ta duba takarda, ta sauke murya. "Ba mu same shi a jikinka ba, Baba. Ke nan da wuya a ce canjin ne ya kawo ciwon gidanku. Auta, ki yi haƙuri, za a ci gaba da allura."

Auta ta gyaɗa kai, ba ta ko yi kuka ba. Wannan ne ya karya shi. Kunya ta rufe shi.

"Likita... yawun ba nawa ba ne."

Da ƙyar likita ta ce za a sake, amma wata shida ne kuma.

Auta ba ta dube shi ba. Ta duba agogon bango, ta buɗe jakarta, ta ciro allurar rana.

"Baba, ɗan fita waje," ta ce. "Lokaci ya yi."