Makarantar Shiru ta Inna Saratu

Ranar Talata ce, ana gab da kiran azahar, ina ɗakin masu jego ina cike takardun sallama, sai Maman Abba ta tsaya a bakin ƙofa ba tsintsiya a hannunta. Ita ce mai sharar ɓangarenmu a asibitin koyarwa, kuma katangarsu ɗaya da Inna Saratu a Ƙauyen Alu. Daga gida take, ko mayafi ba ta cire ba.

Ta ce, "Sista, sai haƙuri. Inna ta rasu."

Na yi salati, na ce, "Yaran fa?" Domin 'yata Ummi tana cikinsu.

Ta ce, "Suna nan. Aikinsu suke yi."

Ban gane maganarta ba sai da acaɓa ya sauke ni a ƙofar gidan. Inna Saratu ta cika ne a zaune a kan kujerarta 'yar tsugunno, ta jingina da bango, a cikin ɗakin da take koyar da yara goma sha ɗaya. Likitan da ya duba ta ya ce tun da hantsi rai ya yi halinsa. Daga hantsi zuwa lokacin da iyaye suka fara zuwa ɗauka, babu yaron da ya yi kuka, babu wanda ya fita. Mai tsince wake ya tsince wakensa, mai zuba ruwa ta zuba ruwanta, waɗanda suka gama suka naɗe tabarminsu. Sun saba ganinta zaune shiru ba motsi. Wani a cikinsu, har yau ba mu san wane ne ba, ya ja gefen mayafinta ya rufe mata ƙafa.

Na san ta ne a shekarar da sojoji suka miƙa mulki, lokacin da bangon unguwarmu Gyaɗi-Gyaɗi duk hotunan 'yan takara ne, motoci masu lasifika suna zagaya unguwa, kowa ya samu baki. Kowa ban da 'yata. Ummi ta shiga shekara ta huɗu ba ta taɓa cewa ko "Mama" ba. Likitoci sun duba kunne, sun duba harshe, sun ce lafiyarta ƙalau, a yi haƙuri. Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba. Ma'aikaciyar jinya ce ni, hannuna ya saba da gyara abu nan take. In ta tsaya kallon takalminta, sai na sa mata. In ta miƙa hannu wajen kofi, na riga na kai mata baki. Da daddare kuma in riƙe haɓarta in ce, "Ce Mama," har sai ta rufe ido.

Maman Abba ce ta kai ni gidan, tana ta ja mini kunne a hanya cewa mutane suna magana. Kuma suna yi. A Kano da ƙara ake gane makaranta. Ta boko ce ko ta islamiyya, tun daga bakin titi za ka ji yara suna rera karatu, malami yana daka tsawa, sai hankalin iyaye ya kwanta. Gidan Inna Saratu kuwa za ka ga takalma ƙanana guda ashirin da biyu a jere a bakin ƙofa, amma ko tari ba ka ji. Wasu suka ce turare take yi musu. Wasu suka ce ɗaure musu harshe take yi. Wani mai shago a layin ya rantse ya taɓa kasa kunne a jikin taga, abin da ya ji kawai shi ne ƙarar ruwa ana zubawa, ana sake zubawa, ya ce tun daga ranar ta ɗaya gefen titin yake bi.

Ni ma da na shiga, tsigar jikina ta tashi, ba zan ɓoye ba. Kowane yaro yana kan 'yar tabarmarsa da abin da ya ɗauko da kansa. Wannan yana raba wake da masara a faifai. Waccan tana juye ruwa daga buta zuwa ƙoƙo, in ya zube ta ɗauko tsumma ta goge ba wanda ya ce mata. Wani yana ɓalle maɓallai a jikin tsohuwar riga yana mayarwa. Akwai murafen kwalba na ƙirga, akwai haruffa da ta yanka daga takarda mai kaushi irin ta kafintoci, yara suna bin su da yatsa, akwai tiren yashi na rubutu. Komai yana kan kanta ƙasa-ƙasa, daidai ƙirjin ɗan shekara uku. Inna kuma tana lungu, doguwa, siririya, hannuwanta a kan cinya, ido kawai take bin su da shi. In yaro ya gama, sai ya ɗago ya dube ta, ta gyaɗa kai sau ɗaya.

Mutuniyar ƙasar Zamfara ce, aure ya kawo ta Kano, mijinta direba ne, ya riga ta rasuwa. Ta yi shekaru tana koyarwa a firamare kafin ta ajiye bulala ta dawo gida, amma Hausarta ba ta taɓa zama ta Kano ba. Inda mu muke cewa "gama", ita "ƙare" take cewa. A ranar farko Ummi ta ɗauki cokali tana ƙoƙarin kwashe gero daga kwano zuwa kwano, rabi yana zubewa a tabarma. Na miƙa hannu zan gyara mata riƙon. Inna ta kama wuyan hannuna, yatsunta sanyi ƙalau.

Ta ce, "Aje hannunki, ɗiyata. Ba ta ƙare ba."

Na ce, "Inna, ai ɓarna take yi."

Ta ce, "Gerona ne. Mi kike sauri?"

Na ji haushi, na tafi ina ƙunƙuni har bakin titi. Amma washegari na dawo da ita, domin a gida, a karon farko, Ummi ta ture hannuna ta sa takalminta da kanta, duk da na hagu a dama ta sa.

Wannan kalma ta "ƙare" ita ce dokar gidan. Ba a katse yaro, ba a yaba masa da ihu, ba a ƙarasa masa. Ko uban yaro ya zo da mota yana danna oda, sai ya jira a zaure. Na sha jin ta tana cewa, "Hannu shi ka fara karatu, baki daga baya yake zuwa." Da na yi mata ƙorafin shirun Ummi kuma ta ce, "Duk abin da za ta roƙa kun riga kun ba ta. Da mi za ta yi magana?" Wannan maganar ta yi mini zafi ƙwarai, saboda gaskiya ce.

Surukata Hajiya, wadda Ummi ta ci sunanta, ba ta yarda da duk wannan ba. Ta ce an ɗauki yarinyar da ba ta magana an kai ta gidan da ba a magana, wannan wane irin lissafi ne. Ta yanke cewa bayan babbar sallah za ta tafi da ita ƙauye, wanzami ya tsaga mata ƙarƙashin harshe, ta zauna a hannunta har bakin ya buɗe. Na ga yaran da aka kawo mana asibiti bayan irin wannan tsagar, na san yadda jini yake ƙin tsayawa. Maigidana kuwa, Allah ya ba shi lafiya, in Hajiya ta yi magana shi ma nasa harshen ɗaurewa yake yi. Inna Saratu ta saka mayafi ta zo Gyaɗi-Gyaɗi da ƙafarta, ta durƙusa ta gaida Hajiya duk da ta girme ta, ta roƙi arzikin wata guda. Hajiya ta ba ta, tana taɓe baki. Watan ya cika ne ranar sadakar ukun Inna.

A makonta na ƙarshe Inna ta yi wani abu da ban ba shi muhimmanci ba sai daga baya. Ta sa an cire ƙusar da take rataye mukullin ɗakin, an buga ta ƙasa, inda yaro zai kai. Ta kuma ce mini, "In ban nan, kar ki gyara musu komi." Ban ji maganarta ba. Ranar da ta rasu, bayan an kai ta, na shiga na share ɗakin, na girgiza tiren yashi ya kwanta sumul, na kulle ƙofa da hannuna, na rataye mukullin a ƙusarsa.

Ranar sadakar uku da hantsi muka zo da Hajiya, jakar kayan Ummi tana bayan motar da za ta wuce da su ƙauye. Muna zaune a tsakar gida cikin mata ana raba gumba, sai na nemi yarinyar na rasa. Ƙofar ɗakin karatu a buɗe take. Ummi ta shimfiɗa tabarmarta, ta ajiye tiren yashi a gaban kujerar da babu kowa a kai. A cikin yashin akwai zanen yatsa: layi ya sauko, ya lanƙwasa, ya tsaya. Haka Inna take fara mata U, harafin farko na sunanta, ta bar mata ɗaya gefen. Zanen ya fi yatsan Ummi faɗi.

Na san mamaci ba ya dawowa, wannan shi ne imanina. Wataƙila wata babbar yarinya ce ta ɗauki mukullin a kwanakin nan biyu, ai an sauko mata da shi. Na faɗa wa kaina haka sau da yawa. Abin da na gani kawai nake faɗa: Ummi ta ɗago ta kalli kujerar, ta jira kamar yadda suke jira, sannan ta sa yatsa a inda zanen ya tsaya.

Direba ya danna oda a waje. Hajiya ta leƙo ta bayana ta ce, "Ɗauko ta mana, rana tana yi." Tsoro da baƙin ciki suka haɗu mini, hannun nan nawa da ba ya jin magana ya kai wuyan hannun yarinyar.

Ba ta juyo ba. Da wata murya ƙasa-ƙasa, mai ɗan kaushi, wadda ban taɓa ji ba, ta ce, "Ban ƙare ba."

A gidanmu babu mai cewa "ƙare". Na saki hannunta. Hajiya ta yi salati ta zame ta zauna a ƙasa, a bakin ƙofar. Muna kallo yatsan ya hau a hankali har ya kai sama. Direba ya sake danna oda, Hajiya ta juya ta ce wa Maman Abba, "Je ki ce masa ya sauke jakar." Daga nan ta fashe da kuka, ni ma na bi ta.

Kwana arba'in ke nan yau. Ummi tana magana kaɗan-kaɗan, kuma rabin kalmominta na Zamfara ne. Ɗakin yana buɗe, 'yar Inna, Balkisu, ita take zama da yaran, ni kuma ina zuwa ranar da ba ni da aiki in koyi ajiye hannuna a cinya. Kujerar dai ba wanda ya zauna a kai, kuma har yanzu ita suke kallo in sun gama.

Ya Allah, baiwarka Saratu ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka yalwata mata kabarinta, ka haskaka shi. Yadda ta yi haƙuri da ƙananan bayinka ba ta gaggauta musu ba, ka sassauta mata hisabi, ka sa kowane harafi da yatsun nan za su rubuta ya zama sadaka mai gudana a gare ta. Ka ba Balkisu da sauran dangi haƙurin rashinta, ka raya yaran nan goma sha ɗaya cikin imani. Mu kuma da ba mu ƙare ba, ka sa mu cika da kyau idan tamu ta zo. Amin.