Jelar da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Shimag

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. A shekarun tamanin ni saurayi ne ɗan shekara goma sha tara a unguwar Sih cikin Madina, haifaffen nan, ɗan wanzami jikan wanzami. Duk gidan mutanenmu da aka haihu, Babana ake kira askin suna. Ni kuwa ba abin da ke gabana sai ƙwallo da madubi. Baba ya yi mini Hausa in amsa masa da Larabci, wai ni wayayye.

A lokacin ne wani aski ya shigo, wanda muke gani a kan 'yan ƙwallon Turai a bidiyo: a rage gaba da gefe, a bar na ƙeya ya zubo har wuya. Abokaina Larabawa nan da nan suka tara jela, suka sa ni gaba da tsokana, wai gashin Takari, wato mu baƙar fata, ko shekara aka yi ana yi masa ban ruwa, sama zai yi ba ƙasa ba. Abin ya ci mini rai. Na daina kai wa Baba kaina, na ce masa ai yanzu ni nake yi wa kaina aski, bawan Allah har murna ya yi. Bayan wata huɗu na je wani salon a Khalidiyya inda ba a san ni ba, aka rage gefen, aka lafta wa ƙeyar man miƙar da gashi mai zafi kamar barkono. Jelar ba ta wuce tsawon yatsa ba, amma ji nake garin ya yi mini kaɗan. A gida kuwa shimag, mayafin nan na kan maza, ba ya barin kaina ko abinci nake ci. Inna har yabona take wai na natsu.

Hannun Baba ya fara rawa a shekarar, ya kuma gaya wa dattawa ni zan gaje shi. Ranar sunan jikan wani tsohon malami mai faɗa a ji, Baba ya miƙo mini aska a gaban mutane, karo na farko. In malamin ya yarda da hannuna, kowa ya yarda. Na sunkuya kan jaririn, gefen shimag ya riƙa sauka a fuskarsa. Wani dattijo a bayana, don ya taimake ni, ya yaye mini shi har da hular da ke ƙarƙashinsa. Malamin ya dubi ƙeyata ya ce wannan shi ne askin da addini ya hana, a aske wani sashe a bar wani, kuma irin na 'yan iskan gari ne, mai shi ba zai taɓa kan jikansa ba. Baba bai dube ni ba. Ya karɓi askar ya yi askin da hannunsa mai rawa, a hankali, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ina tsaye ina roƙon Allah kada ya yanki yaron. Ban taɓa jin kunya da tsoro irin na ranar ba.

Kwana uku Baba bai ce mini uffan ba. A na huɗu bayan La'asar na ɗauko askar da kaina, na durƙusa a gabansa. Da ya kai ƙeya ya ga inda man ya ƙone mini fata, sai ya tsaya jim. Ya ce gashi ba komai ba ne, yau a aske gobe ya fito. Abin da ya ƙona masa rai shi ne ɗansa ya kai kansa wurin baƙon hannu, ya kuma yi wata huɗu yana cin abinci da shi a kwano ɗaya yana yi masa ƙarya. Na yi kuka kamar ba namiji ba. Da ya gama sai ya cire hularsa, ya miƙo mini askar, ya sunkuyar mini da kai. Ranar Juma'a ya je majalisar malamin ya buɗe kansa, ya ce a duba, ko ƙwarzane babu, aikin ɗansa ne. Mutane ba su sakko nan take ba. Sai da aka kusa shekara kafin wani gida ya aiko neman mai askin suna, kuma sunana aka faɗa.

Yau jikokina na zuwa da askin da ban san sunansa ba, ba na zaginsu, na san yadda tsokanar abokai take ci. Abin da nake gaya musu, nake kuma gaya wa matasa masu karanta wannan, shi ne: duk adon da sai ka rufe shi kafin ka zauna gaban mahaifinka, ka sake tunani a kansa. In kuma ka riga ka yi kuskuren, kada ka jira wani ya tona ka, je ka da ƙafarka. Ni na je a makare, amma Baba ya ba ni kansa na aske.