Kaskon Inna Delu da Man Na'ana'a

Har gobe ban manta da wata ranar Laraba ba, a damunar bara waccan, lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye a yankin Tabanni. Ku da kuka fara aikin nan kwanan nan, ku buɗe kunne, domin wannan ba a koya muku shi a makaranta ba.

Ni ce mai kula da masu ciki da masu haihuwa. Sama da ni akwai shugaban asibitin, Malam Haruna, wanda muke kira incaji. Ƙa'idarmu ita ce, duk matar da ta haihu, a hannunmu ko a gida, sai mun leƙa ta kafin suna. Mu duba cibiyar jariri, mu ga yadda yake kama nono, mu kalli numfashinsa, mu tambayi lafiyar uwar. Aiki ne na ido da hanci fiye da na allura, kuma ba yabon kai ba, hancina bai taɓa ba ni kunya ba.

Ranar na je duba Hadiza, wadda ta yi haihuwar fari, ta zo wankan jego gidan mahaifiyarta, Inna Delu. Tun daga zaure wani ƙamshi ya tare ni. Ba irin na turaren wutar da muka saba ba ne, wannan yaji gare shi, yana sa ido ƙwalla. Da na ɗaga labulen ɗakin mai jego sai da na ja da baya. An toshe taga da tsumma saboda sanyin damuna, ga kasko a gindin gado yana ta hayaƙi. Hadiza na share hawaye, wai mura take yi.

Na karɓi jaririn na buɗe masa ƙirji. Numfashinsa sama-sama, ƙofofin hancinsa na buɗewa, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa. Hadiza ta ce tun safe ya ƙi kama nono.

"Inna, me kika zuba a garwashin nan?" na tambaya.

Da fara'arta ta miƙo min 'yan kwalabe biyu. Tataccen man na'ana'a ne da na kanumfari, irin mai ƙarfin nan da ake ɗigawa. Mijin Hadiza, direba ne a Kaduna, shi ya aiko da su tare da wata 'yar na'ura mai kama da ƙaramin tulu. Yadda ake yi, a zuba mata ruwa, a ɗiga man ɗigo kaɗan, a jona ta a lantarki, sai ta riƙa fitar da tururi mai ƙamshi a hankali.

"Sista, abin nasa wai sai da lantarki," in ji Inna. "Mu kuwa ina muka gan ta? Shi ne na ce ai turare turare ne, ga garwashi Allah ya hore mana. Surukina ya yi ɗawainiya, in bar kayansa a kwali?"

Kwalbar na'ana'ar ta kusa rabi. Tuttula shi take yi a wuta kamar yadda ake barbaɗa turaren icce.

Na san wasunku a nan za su fara faɗa. To, idan ka yi wa tsohuwa tsawa a gidanta, a gaban 'yarta, ka gama shiga gidan. Ni kuwa jaririn nake so ya bar ɗakin a take. Na ce za mu fitar da shi ya sha iska.

Fuskar Inna ta canza. "Jaririn da ko suna ba a yi ba, za ki fitar min da shi tsakar gida? Sanyi ya kama shi fa?"

"Ba tsakar gida ba, Inna. Ɗakinki za mu kai shi, kuma a cinyarki zai zauna. Ƙamshin nan na manya ne, ya fi ƙarfin ƙirjinsa."

Ta dube ni, ta dubi yadda yake haki. Da kanta ta naɗe shi a zanenta ta wuce. Na buɗe tagar ɗakinta, na cire masa kayan da suka sha hayaƙi, na sa Hadiza ta wanke ƙirjinta ta sauya riga. Kaskon kuwa na kai shi bayan gida.

A gidan, sai ka jingina da rumbu kake samun sabis na waya. Nan na tsaya na kira incaji na yi masa bayani.

"Sista, idan bai sassauta ba kafin azahar, ki ɗora su a babur zuwa babban asibiti," in ji shi. "Kin san hanyar dajin nan, ba a bin ta bayan la'asar."

Na sani sarai. Babu uwar da ke son a ce ta ratsa dajin Birnin Gwari da ɗanyen jariri, ni ma ba na so. Amma na aika aka ce wa mai babur ya tsaya kusa, na kuma gaya wa Inna da Hadiza gaskiya, in har lokacin ya yi bai canza ba, tafiya ba fashi.

Muka zauna. Idona na kan ƙirjinsa, bakin Inna na ta motsi da addu'a. Sannu a hankali lotsawar ta ragu, numfashin ya sauko. Ana gab da kiran sallar azahar ya buɗe baki ya callara kuka. Hadiza ta sa shi a nono, ya kama da ƙarfi har ta yamutsa fuska. Ban san lokacin da dariya ta ƙwace min ba. Duk da haka na ce su kawo shi asibiti washegari, incaji ya saurari ƙirjinsa ya ce lafiya lau.

Saura damuwar Inna. Ta ja ni gefe ta ce, "Yanzu 'yan barka su shigo ɗakin mai jego babu ƙamshi? A ce Delu ta kasa gyara 'yarta?"

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinta, ni ma ban ɗauke shi ƙarami ba. Na ce ta sa turarenta na gargajiya a zaure, duk mai shigowa da shi zai fara cin karo. Man kuwa a adana shi inda yara ba sa kaiwa. In yaron ya girma kuma an samu lantarki, ɗigo kaɗan a ruwa, taga a buɗe, na ɗan lokaci, kuma ba a ɗakin jariri ko mai asma ba.

Ranar suna na koma. Na tarar da Inna ta kafa kujera a bakin ƙofa, duk wadda ta sha humra da yawa sai ta ce ta yi barka daga nan. Da ta gan ni ta jawo ni ciki, ta ɗauko jaririn, ta sa hanci a kansa ta shaƙa.

"Sista, ashe yana da nasa ƙamshin," ta ce. "Duk jariran da na wanke a garin nan, ban taɓa ji ba. Hayaƙi ya hana ni."

Abin da na koya ke nan. Mutanenmu ba mugunta ke sa su kuskure ba, sabon abu ne ke zuwa musu babu mai bayani, sai su bi da shi ta hanyar da suka sani. In kun raba tsohuwa da kaskonta, ku nuna mata inda za ta ajiye shi. Ni dai tun daga ranar, in na shiga ɗakin mai jego, kafin in buɗe jaka sai na ja numfashi. Idan ƙamshin jaririn na fara ji, hankalina ya kwanta.