Sandar Gashin Wutsiya

Ke Lailatu, ajiye wayar nan ki ji. Kakanki Malam bai taɓa mallakar doki ba, ko jaki sai ya aro, amma shekara talatin da ɗoriya sukuwar ƙauyenmu, can gaba da Damari, ta hana ni sakat. In an gama yankan dawa ake yin ta, daga bakin rijiya zuwa gindin ɗorawa. Shi ke tsayawa a ɗorawar ya faɗi wanda ya riga isowa. Sai ya lallaɓa ya tsinko gashi a wutsiyar dokin da ya ci, ya ƙulla a wata sandar gora. Kowace shekara ƙulli ɗaya. Sau biyu doki na shurinsa, bai daddara ba.

Baƙo ya zo, ko ruwa bai sha ba, an ɗauko sanda. "Wannan na Sadisu ne, shekarar da fara ta cinye gero." Ina tuƙa tuwo ina ji, yau ji gobe ji, har kaina ya yi ta sarawa.

Ranar da daji ya ɓaci muka gudo Birnin Gwari a kan babur, na ce Malam riƙo mini tukunyar ƙarfena. Muna sauka, me zan gani a hannunsa? Sanda! Kwana uku ban yi masa magana ba.

Sukuwa ta mutu, dawakan ma babu. Bara idon Malam ya tafi, tunani ya bi baya.

Watan jiya sai ga Japheth, ɗan marigayi Obed maƙwabcinmu, da 'ya'yansa mata biyu. Ya durƙusa ya ce, "Baba, yaran nan sun ƙi yarda kakansu ya taɓa cin sukuwa. Wai manomin doya ina shi ina doki. Nuna musu."

Malam ya shafa sandar sama da ƙasa. Can ya ce, "Huseina, wanne ne?"

Ni? Ni da na tsani abin nan? Haushi ya sa na fizge ta. Na ce ga shi nan, na sha ɗaya daga ƙasa, baƙin nan, shekarar da aka kawo injin niƙa. Obed ya hau ba sirdi, hularsa ta faɗi a hanya, ya bar abokin karawarsa Habibullahi a baya yana ta zage-zage. Bakina ya ƙi tsayawa sai da na kai ƙullin ƙarshe, ban tsallake ko ɗaya ba. Japheth har da hawaye. Malam kuwa, ko sannu, wai na yi sauri.

Ashe duk a kaina ya zube kayansa. To ni ba zan shiga kabari da sunayen dawakin mutane ba. Ɗauko wayar, danna abin ɗaukar magana. Miƙo sandar. A hankali mana, gashin ya tsufa!