Ranar da Ruwa Ya Dawo Min ta Hanci

Assalamu alaikum. Masu cigiyata tun kafin azumi, ku yafe min. Magana ce ta gagare ni, rubutun ma zuciyata ta ƙi.

Abin ya faro ne a aji, a firamaren da nake koyarwa a Roni. Muryata ta riƙa fita ta hanci, ɗalibai suna dariya. Na ɗauka mura ce, sai ranar da na kurɓi ruwa ya dawo min ta hanci.

Daga asibiti a Kazaure aka tura ni Kano. Aka ɗebi jini, aka leƙa maƙogwarona da wata siririyar na'ura. Likita ya ce, "Malam, nan hanya biyu ce, ta abinci da ta numfashi. Tsokoki ne ke rufe ta numfashi su tura loma ciki. Naka sun daina amsa saƙon jijiya."

Na rubuta masa, "Zan warke?" Ya ce, "Za mu gwada."

Aka sa min robar abinci ta hanci. Yawuna ma a gwangwani nake tofarwa. Matata Hadiza ta koma cin abinci a waje don kada in gani. Babur ɗina ya tafi a magani.

Mahaifiyata, Inna, ta zo daga rugarmu ta Gwiwa da fura a ƙwarya. Hankalinta ya kasa ɗaukar ɗa ya kwana bai ci ba.

"Ludayi ɗaya, Baffana. Nonon saniyarka ne."

An hana ni cin komai ta baki, amma wa zai ce wa Inna a'a?

Furar ta bi hanyar huhu. Na shaƙe, zazzaɓi ya rufe ni, na farfaɗo da robar iska a fuska. Inna na zaune a ƙasa tana cewa, "Ni na kashe shi." Ina jin ta, ba ni da muryar da zan rarrashe ta. A ranar na yi fatan mutuwa. Allah ya gafarta min.

Yanzu an cire robar abincin. Ina shan kunu mai kauri, a zaune, kai sunkuye. Aji kuwa, likita ya ce kada in sa rai. Har yau in na ɗauki cokali, Inna tashi take ta bar ɗakin.

Alhamdulillahi. Hadiza, Allah ya biya ki. Ma'aikatan jinya da masu min addu'a, na gode.

In kun ga mutum yana yawan ƙwarewa da ruwa, muryarsa ta canza, ku kai shi asibiti. In likita ya ce kada a ba shi komai ta baki, ku daure ko yana kuka. Ko ku ne ke kukan.