Binciken da na yi a kan kuɗin karatun 'yar ƙanina

Ranar wata Asabar bayan azahar ƙanina ya kira ni daga Manchester, ina tsaye a wani shago kan titin Stratford ina zaɓar kuɓewa. Muka gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Yaya, yarinyar nan ce ta zo da wata magana." 'Yarsa ta fari yake nufi. Ba ya kama sunanta, ba ya kuma zama da ita su yi doguwar magana, don haka tun tana ƙarama duk abin da ya shafe ta ni gwaggonta ake miƙo wa.

Wai wata cibiya a jami'arsu ce ta zaɓe ta. Za su biya kuɗin karatunta na digiri na biyu, su ba ta na abinci da na haya, su sa ta a jirgi zuwa wani tsibiri can cikin tekun Pasifik, ta zauna da mutanen wurin ta koyi yarensu ta rubuta shi. Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na ajiye kuɓewar na fito waje.

Shekaruna da yawa ina aikin ungozoma a Birmingham, kuma ko wurin ajiye mota ba a taɓa ba ni kyauta a ƙasar nan ba. Sai yau a ce wani ya ɗebi dukiyarsa ya ba yarinya Bahaushiya mai ɗankwali don ta koyi yaren mutanen da ba su kai jama'ar unguwarmu yawa ba? Me zai samu? Raina bai kwanta ba ko kaɗan. Ƙanina ya ce ofishin na son ganin fasfonta kafin Juma'a, in ba haka ba za a ba wani gurbin. Na ce kada ya saki fasfon sai na zo.

Litinin na hau jirgin ƙasa, na sauka gidansu a unguwar Gorton. Fasfunan gidan duka a jaka ɗaya suke cikin durowar maigida, kamar yadda ake yi a yawancin gidajenmu. Ya zaro nata ya ba ni, na jefa a jakata. Ita tana ta dariya, ta ɗauka wasa ne. Ta zauna kusa da ni ta buɗe kwamfuta tana nuna mini takardu da hoton malamar da za ta kula da ita. Ta ce, "Gwaggo, wallahi it's real, kowa a uni ya san wannan fellowship ɗin. Ki karanta da kanki."

Na ce, "Takarda kowa ma ya iya rubutawa. Ki bar ni in yi abin da na sani."

Abin da na sani shi ne bincike irin na aure. In za a ba da 'ya, ba a zuwa wurin mai nema a tambaye shi halinsa, don abin da kike son ji shi zai faɗa miki. Maƙwabta ake bi, da mai shagon bakin layi, da wanda suke sallah sahu ɗaya. Na yi wa gidaje da dama wannan aiki a unguwannin Sparkbrook da Lozells, har an san ni da shi, kuma ina alfahari da cewa ba a cika rufe mini ido ba. A ganina wanda zai ɗauke mana yarinya shekara guda ya kai ta bayan duniya bai fi ƙarfin irin wannan bincike ba.

Talata da safe na shirya na tafi ginin cibiyar ban gaya wa yarinyar ba. Ban nemi malamar ba. Na fara da mutumin da ke zaune a teburin bakin ƙofa, na tambaye shi ƙarfe nawa take zuwa, ƙarfe nawa take tashi. Ya dube ni ya ce bai sani ba. Na koma wurin mai sayar da shayi na sayi kofi ɗaya da ban sha ba, na tambaye ta ɗaliban da aka tura a baya, sun dawo kuwa? Ta ce ta ji an ce ɗaya ya yi aure a can ya zauna. Na fito da ɗan littafina na rubuta.

A bakin matakala wata mai shara ta ji ina waya da Hausa, ta tsaya muka gaisa. 'Yar Jos ce, ta ce a Gorton take zuwa coci. Na ja ta gefe na yi mata tambayoyina: malamar nan tana da miji? Tana sha? Wa ke ba su kuɗin? Ta yi dariya ta ce, "Mama, ni cleaning kawai nake yi. Amma tana gaishe ni kullum, kuma ban taɓa ganin kwalba a office ɗinta ba." Wannan shaida ce mai kyau, na sani. Amma maganar wanda bai dawo ba ta tsaya mini a rai, na ce sai na ƙara kwana.

Laraba na koma, na zauna kan kujerar da ke kallon ƙofa da littafina a cinya. Ban yi rabin awa ba sai ga ma'aikatan tsaro biyu, cikin ladabi, suka ce an lura da ni tun jiya, wa nake nema? Haushi ya kama ni, ni da furfurata. Na ce 'yata ce ɗaliba a nan, ina duba inda za a kai ta ne. Suka ce ina da wata shaida? Sai na zuge jaka na ciro fasfonta na miƙa musu, ina jin na gama da su.

Ɗayan ya buɗe, ya dubi hoton, ya dube ni. Ya ce, "Ita ta ba ki wannan?" Na ce mahaifinta ne ya ba ni, kuma ba za ta karɓa ba sai na yarda da tafiyar. Da bakina na faɗa, da Turancina mai kyau. Sai da na ga sun kalli juna na gane yadda maganar ta sauka a kunnensu: dattijuwa ta ƙwace fasfon budurwa baliga, tana bin sawun malamarta tana rubuta lokutan shigarta da fitarta. Fasfon bai dawo hannuna ba.

Aka kira yarinyar daga ɗakin karatu. Wata jami'a mai kula da lafiyar ɗalibai ta shiga da ita wani ɗaki ta rufe ƙofa, ni aka bar ni a waje. A nan malamar ta same ni, 'yar tsohuwa siririya da hular keke a hannu. Ta zauna ta ce in tambaye ta duk abin da nake so. Ta ce kuɗin wasiyya ce ta wani mutum da ya yi aiki a tsibiran ya rasu ba magaji, kuma wanda ya yi aure a can yana zuwa duk bazara da iyalinsa. Na saurara. Har yau ban gama yarda cewa mutum zai bar dukiyarsa don yaren wasu haka kawai ba, amma a fuskar matar ban ga ƙarya ba, kuma kunya ta hana ni ƙara tambaya.

Yarinyar da jami'ar sun daɗe a ciki. Da ta fito, fasfon na hannunta, an riga an ɗauki hotonsa an cika takardar. Gurbinta bai salwanta ba. Ta ce, "Gwaggo, mu tafi," ba ta dube ni ba.

A bas ɗin komawa Gorton muka zauna kujera ɗaya. Na yi ta jira ta yi mini faɗa, da na fi son haka. Sai da muka kusa kasuwa ta yi magana, idonta na kan taga. Ta ce, "Sun tambaye ni ko an taɓa dukana, na ce a'a. Sun ce ko ina da inda zan kwana in ba na son komawa gida, na ce gida zan koma. Sai matar ta ce, are you afraid of your aunt? Wai ko ina tsoronki."

Na ce, "Kika ce me?"

Ta ce, "Na ce a'a. Amma Gwaggo, sai da na tsaya na yi tunani kafin na ce."

Yarinyar da na yi wa wankan farko da hannuna ce. Bas ya tsaya, ta miƙe ta ɗaukar mini jakata, ta riƙe mini hannu na sauka, muka taka zuwa gida.