Na Ga Maigida a Fujiyan, Bai Rama Tsokanata Ba

Asabe ƙawata, daren jiya na yi wani mafarki da ya hana ni karin kumallo, ke kuma kin fi ni gane irin waɗannan abubuwa.

Kin san autana Habibu yana ƙasar Sin, a wani lardi na bakin teku, Fujiyan. Can ya yi karatu, can ya yi aure, aka haifa masa ɗa ya sa masa sunan mijina, marigayi Malam. Shi ya sa Maigida nake ce wa yaron. Shekararsa bakwai, ban taɓa goya shi ba, sai dai a nuna min shi a waya. Habibu ya yi roƙon duniya in je, na ce ni na haife shi, shi zai zo ya same ni.

To, sai na gan ni da rana tsaka a kan wata doguwar gadar dutse. Teku ya ja baya ya bar laka, mata da manyan malafuna suna tono a ciki. Na yi musu sannu da aiki, ba wadda ta ɗago. Sai kawai ga ni a kan tudu, an yanka shi hawa-hawa, ko'ina ganyen shayi, gajimare ya sauko har gwiwata.

Sai kawai ga wani gida na ƙasa, zagayayye kamar ƙaton rumbu, hawa huɗu, ƙofa ɗaya tal. Na shafa bangon na ce, wannan ginin ai mun san shi tun kafin a haife su. Na shiga. Rijiya a tsakar gida, jajayen fitilu a rataye, tsofaffi na kunna turare gaban hotunan kakanninsu.

A bakin rijiyar na ga Maigida. Asabe, goshin Malam sak!

Na ce, "Kai, mijin banza! Shekara bakwai ko sabulu ba ka aiko min ba. Dubi kai kamar ƙwarya!"

Na gyara tsayuwa ina jira ya rama, ya ce tsohuwa mai wawulo, ya ce ya sake ni, yadda jikokinki ke yi miki. Sai yaron nan ya sunkuyar da kai. Ya je ya zubo shayi a wani ɗan kofi da bai fi murfin kwalba ba, ya miƙo min da hannu biyu, ya ja da baya. Ladabin da ake yi wa baƙuwa.

Na ce, "Ni ce fa, kakarka."

Sai wata tsohuwa ta fito, uwar matar Habibu. Yaron ya ruga ya ɗare bayanta, yana jan kunnenta, tana dukansa da mafici, suna ta dariya. Na ƙwala wa Habibu kira, na ji muryarsa daga sama, amma ƙofofin ɗakunan duk iri ɗaya ne, na rasa wadda zan nufa.

Na farka ana kiran asuba, ɗakin ba kowa sai ni.

Asabe, don Allah mene ne wannan? Ana nuna min in sauke girman kai in hau jirgi tun yaron bai wuce wasa da kaka ba? Ko kuwa ce min ake yi ko na je, shayi kawai za a ba ni?